Ɗakin da Iya ta kasa shiga

Karatu: 2 Sarakuna 4:8-11, Yakubu 2:1-4

Ga kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ana ta roron wake, kun kuwa san abin da yake biyo bayan kaka a ƙasarmu. Daga yanzu har a wuce Kirsimeti za a yi ta karanta sanarwar aure a ikkilisiyoyinmu, kuma duk wanda ya tsaya a bakin titi zai ga a-kori-kura ta taso daga Kano, ta haye gadar Wudil, ta nufo Gaya da Balan da Ajingi, an lafta mata gado da kujeru da madubi har sun fi ta tsayi. A kan kayan da ke bayan motar nan nake so mu yi magana yau.

Bara war haka na je yin addu'a a ɗakin wasu sababbin ma'aurata, tare da mata uku daga zumuntar mata. Ɗaya daga cikinsu tsohuwa ce da kowa yake kira Iya, gwaggon amaryar ce, a bayanta ma yarinyar ta yi wayo. Da aka ɗaga labule sai da na ce masha Allah a zuciyata. Kujeru manya masu laushi sun zagaye ɗakin, ba a ko cire musu leda ba. Ga teburin gilashi a tsakiya, ga kafet mai ruwan madara, ga labule mai nauyi hawa biyu, ga talabijin a bango ya kusa kai faɗin ƙofa, a unguwar da sai a yi kwanaki ba a ga wuta ba. Mu uku muka kutsa da ƙyar, gwiwa tana gugar gilashi. Iya kuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kafet, ta dubi ƙafafunta.

Ta ce, "Fasto, ku yi addu'ar, ina jin ku daga nan."

Na ce, "Haba Iya, ai ɗakin 'yarku ne, ku shigo mana."

Ta ce, "Ɗan nan, daga gona na biyo, ƙafata duk ƙura ce. Kada in ɓata musu kaya."

Amarya ta ji kunya ƙwarai, ta tashi neman tabarma don mu koma tsakar gida. Babu tabarma a gidan, ko ɗaya. Sai da aka aiki yaro maƙwabta ya aro. A kan tabarmar aro muka yi wa ɗakin addu'a, muna hango shi daga waje. Bayan wata biyu na sami labarin cewa mahaifin yarinyar ya ba da gonarsa ta bakin fadama jingina kafin a haɗa waɗannan kaya.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce Fasto ya hana sayen kujera. Ban hana ba, ba ni da ikon hanawa, kuma Allahn da muke bauta wa ba maƙiyin ado ba ne. Ku buɗe Fitowa sura 31 ku ga mutumin da Ubangiji ya kira da sunansa ya cika shi da Ruhunsa. Bezalel ne, kuma aikin da aka cika shi domin ya yi shi ne ƙira da sassaƙa da yankan duwatsu, abokin aikinsa Oholiyab kuwa gwanin saƙa da ɗinkin ado. An yi labule masu launi, an yi fitila mai siffar furen itace. Wanda ya yi wa zabuwa zane, ya yi wa ɗawisu wutsiya, ba zai yi fushi don amarya ta so ɗakinta ya yi kyau ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an ƙawata ɗaki har ya kori wadda ta fi kowa haƙƙin zama a cikinsa, kuma kuɗin ƙawar gona ce.

Ni ma ba tsira na yi ba. Lokacin da na gama kwalejin tauhidi aka tura ni ikkilisiyata ta farko, na ga ai bai kamata a shigo gidan fasto a tarar da benci ba. Na karɓi kujerun kushin bashi a wurin wani mai kanti, ina biya duk ƙarshen wata daga ɗan abin da ake ba ni. Wata tara ina biya. A cikin watannin nan ɗanmu na fari ya yi zazzaɓi mai tsanani, sai da matata ta sayar da ɗan kunnenta muka kai shi asibiti, ni kuwa ina zaune a kan kushin ina lissafi. Dattawan da na yi wa kujerun, in sun zo, sai su zame su zauna a ƙasa su jingina da su, don haka suka saba kuma haka ya fi musu daɗi. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ba shi. Na iya ayar tun ina makaranta, amma a kan kujerun nan na gane ta.

Yanzu bari mu dubi kalmomin nan biyu da muke ta jifan juna da su, zamani da gargajiya. Matasa suna cewa kayan iyayenmu ƙauyanci ne, tsofaffi suna cewa kayan yanzu lalacewa ce. Da za ku zauna da kakanninku ku tambaye su yadda aka yi musu jere, da kun ji abin mamaki. A can da, jeren amarya ƙorai ne, manya da ƙanana, an yi musu zane da wuƙa ko da wuta, sai akussa da tukwane da faya-fayai. Mai hali ya ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun manoma, kamfanonin Turawa suka cika kantuna da kwanonin sha masu fenti. Daga nan aka shiga yayin kwalla da fanteka da samira, ana jera su tun daga ƙasa har su kusa taɓa rufi. Gadon kara da gadon ƙasa suka ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri. Bayansa aka yi yayin fomeka da kabet mai gilashi cike da tangaran, sannan kuloli, yau kuma ga shi muna zancen 'yan Turkiyya da 'yan Dubai. Wato samirar da kuke gani a ɗakin kaka kuna cewa kayan gargajiya, a ranar da ta shigo baƙuwa ce daga ƙetare, kuma na tabbata an sami tsohuwar da ta taɓe baki ta ce 'yan matan yanzu sun raina ƙwarya.

Saboda haka haɗa sabo da tsoho ba yau aka fara ba. Kakanninmu sun yi, sun kuma iya. Bahaushe ɗan kasuwa ne, bai taɓa rufe ƙofarsa ga kayan wata ƙasa ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take karɓar kaya daga hamada da kurmi. Amma akwai wani hankali a cikin jeren da, wanda mu muka yar muka riƙe ƙyalƙyalin kawai. Jeren kwalla asusu ne. Mace tana da kwalla talatin, in fari ya zo ko ciwo ya kama yaro, sai ta zare biyu ta aika kasuwa, ɗakinta bai rushe ba. In 'yarta ta isa aure, ta ɗebi rabi ta wanke ta kai mata. Kaya ne da ba sa ruɓewa, ana sayar da su ɗaya-ɗaya, ana gadonsu. To ku gaya mini, wace ce za ta zare hannun kujera ɗaya ta kai kasuwa? Yawancin gadaje da durowoyi masu sheƙi da ake kawowa yanzu, garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai kama da itace. Ranar da rufi ya yi yoyo ko aka yi mofin da ruwa ya taru a ƙasa, sai gindin ya kumbura ya fara zubewa kamar tsakin masara. In aka kwance shi sau biyu don sauya ɗaki, ƙusa ba ta sake kamawa. Abin da aka saya da kuɗin gona, bayan damina uku ko dillaliya ba ta taya shi. Ana yi wa rogo kallon kitse.

Ga kuma tsada. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota daga Kano zuwa nan ya ninka. Duk abin da aka shigo da shi daga waje, ko aka yi shi da kayan waje, ya bi dala ya hau, amma tsammanin mutane bai sauko ba ko da taƙi ɗaya. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma malamansu suna ta wa'azi a kai, kuma da gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a Oktoban 2023, babban abin da ta ɗauke wa iyaye shi ne gado da katifa da sauran kayan ɗaki. In har sai gwamnati ta sa hannu kafin 'yar talaka ta shiga ɗaki, kun san al'adar ta fi ƙarfin masu ita. A cikinmu na san 'yan mata da aka yi musu baiko shekara biyu ana jiran kayan ɗaki, na kuma san irin jarabar da ke shiga tsakanin saurayi da budurwa in jira ya yi tsawo. Wasu daga cikin maganganun horo da dattawa suke zama a kansu, in aka bi salsala, daga kantin kujeru suka faro.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai, Hausawa masu bin Almasihu, wanda ba a cika faɗarsa a fili ba. Wani saurayi ya taɓa ce mini shi ba zai sa tabarma da buzu da tumtum a falonsa ba, kada a shigo a ɗauka gidan Musulmi ne. Wata kuma ta ce uwarta ta ba ta ƙwarya mai zane da tsohuwar tukunya, ta ƙi karɓa, don kayan kakanni ne, ba ta san abin da aka yi da su ba. Na fahimci su biyun, amma ban yarda da su ba.

Ga na farko na ce, tabarma ba ta da addini. Kaba ce Allah ya tsiro da ita, hannu ya saƙa. Mun daɗe muna jin zafi in aka ce mana wai Bahaushe ba ya zama Kirista, ko a tambaye mu asalinmu daga ina, alhali kakanninmu suna noma ƙasar nan tun ba a san ranar farawa ba. Tarihin baka ma ya ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suna haƙar tama, waɗanda ake kira Abagayawa, daga Gaya suka tashi. To in mu da kanmu muka kwashe duk wani abu na Hausa daga ɗakunanmu don mu nuna mun tuba, ashe mun sa hannu a kan maganar masu cewa bishara baƙuwa ce a nan. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Allah yana yi mana magana da harshen iyayenmu, sai mu ce ba zai zauna a kan tabarmarsu ba? Ubangijinmu da kansa, gidan da ya yi koyarwa a Kafarnahum irin wanda ake iya farke rufinsa a zurara da mutum ne, kamar soron ƙasa, shanyayyen kuma a kan shimfiɗar da mutum ɗaya zai naɗe ya saɓa aka sauko da shi.

Maganar ta biyu ta fi nauyi, ba kuma zan yi wasa da ita ba. Gaskiya ne a gidajen kakanninmu akwai abubuwan da aka keɓe wa iskoki. Akwai tukunyar da ake zuba wa jini, akwai layar da ake ratayewa a kan ƙofa, akwai ƙahon da ake binnewa a bakin zaure. Irin waɗannan ba kayan ado ba ne, kada wani ya goge su ya ɗora a kan tebur ya ce yana raya al'ada. Masu bi na Afisa ƙone littattafan sihirinsu suka yi a gaban jama'a, ba su tsaya lissafin tsadarsu ba, ko da yake Ayyukan Manzanni 19:19 ta nuna kuɗin ya kai azurfa dubu hamsin. In kin gaji wani abu kina shakka, tambayi tsofaffin da suka riga ki tuba, sun san wace tukunya ce ta miya, wace ce ta tsafi, sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma ƙwaryar da aka dama wa mahaifinki fura a ciki shekara ashirin ba ta da laifin komai. Ku tuna zinariyar da Isra'ilawa suka fito da ita daga Masar. Da ita aka zuba ɗan maraƙi a sura 32 ta Fitowa, da irinta kuma aka dalaye akwatin alkawari bayan 'yan surori. Har madubin tagulla na mata aka narkar aka yi daron wanka na alfarwa. Abin da aka miƙa kayan gare shi, shi ne abin dubawa.

Abin dariya, yayin da muke jin kunyar faifai a Balan, a manyan otal-otal na Kano da Abuja faya-fayai ake jerawa a bango, a sa musu fitila, a kafa tumtum na fata a falo, a zana dagi a jikin siminti. Masu kuɗi suna shiga Kurmi suna sayen abin da muka jefar a bayan rumbu. Ina murna da hakan ta wani ɓangare, don masu saƙa da dukawa suna samun ciniki. Amma ba na so mu jira sai mun gani a Instagram sannan mu yarda kayanmu suna da kyau, ba na kuma so faifai ya koma hoto kawai. A ɗakinki ya rufe ƙwarya da rana, in ya gama aiki ki rataye shi ya yi miki ado da dare.

To yaya za a yi sayayyar? A nan nake son matar nan ta Shunem. Littafi ya ce mai arziki ce, ba rashi ya sa ta taƙaita ba. Ta lura Elisha yana yawan wucewa, ta shawarci mijinta su gina masa ɗan ɗaki a kan soro, ta kuma lissafa abin da za a sa a ciki: gado, tebur, kujera, fitila. Abu huɗu. Ta fara da tunanin mutumin da zai shiga ɗakin, mai tafiya ne, zai so ya kwanta, ya zauna, ya yi karatu da dare, sannan ta zaɓi kaya. Mu kuwa mukan fara da kayan da muka gani a wayar wata ko a fim, sannan mu nemi yadda za mu cusa mutane a tsakaninsu.

Kafin a hau mota zuwa Kano, a ɗauki igiya a auna ɗakin, tsawo da faɗi da faɗin ƙofa. Kujerun da suka yi kyau a babban kanti an yi su ne don falon da ya ninka naku uku. A zauna a lissafa su wa za su riƙa shigowa: surukai, 'yan zumunta ranar da nazarin Littafi ya zagayo gidanku, yaran maƙwabta, nan da shekara ɗaya kuma mai rarrafe, wanda teburin gilashi ba abokinsa ba ne. Kuɗi mafi tsoka a sa su a inda jiki yake morewa kullum. Katifa mai kyau ta fi allon gado mai kambi. A tabbata akwai inda za a ɗaura gidan sauro, don na sha ganin gadon da girman kansa ya hana a rataya shi, sauron damina kuwa bai san gado ɗan Turkiyya ba. Ƙaramar sola da za ta ba da fitila biyu ta yi cajin waya ta fi talabijin ɗin da zai zauna baƙi ƙirin kamar allon makaranta. A nan zamani ya yi mana alheri, mu karɓa hannu biyu. Haka siminti ko tayil a ƙasa, ya fi daɓe sauƙin wankewa in akwai jariri, duk da ina kewar waƙar matan da suke taruwa da maɗaɓi. Haka murhun da ba ya cika ɗaki da hayaƙi, idanun iyayenmu mata sun sha wuya isasshiya.

Amma randa a inuwa, an ɗora ta a kan yashi mai laima, tana ba da ruwan sanyi ko da wuta ko babu, firiji kuwa in ba wuta kabet ne mai tsada. Tabarmar kaba a watan Afrilu ta fi kafet sau goma, ana kaɗe ta, ana shanya ta, ana jingine ta a bayan ƙofa. Labule mai hawa biyu da kujera mai gashi-gashi, ku jira hunturu ya busa ku ga ƙurar da za su sha, mai asma ya gaya muku sauran. Kujera uku masu hannun katako da matasan da ake cire rigarsu a wanke, da tabarma biyu masu kyau, da kujerar tsugunno ɗaya ko biyu, za su zaunar da mutum goma sha biyu a ɗakin da saitin kanti zai zaunar da bakwai a takure. Gwado ko luru na saƙar hannu a kan gadon zamani yana da kyan da ba a samu a bargon leda. A bango kuma, maimakon hoton wani Bature mai shuɗin ido da ake sayarwa a bakin titi ana ce mana Yesu ne, a sa mai rubutun allo ya rubuta ayar da ku biyu kuka zaɓa, da Hausa, ya zagaye ta da zane irin na bangon gidajenmu.

Ina kuma roƙonku ku duba kusa kafin ku duba nesa. Akwai kafintoci a Gaya da Wudil, wasu ma 'yan'uwanmu ne da muke sujada tare. In aka sayo katako na gaske a 'Yan Katako ta Na'ibawa aka ba kafinta mai amana, aka nuna masa hoton abin da ake so, zai yi gadon da jikoki za su hau, in ya karye kuma kun san ƙofar gidansa. Na san za ku ce kafintocinmu ba sa cika alkawari, a kai musu aiki da kaka su gama da bazara. Wannan gaskiya ne a kan wasu, kuma ku kafintocin da ke cikinmu ku ji da kyau, saɓa alkawari zunubi ne, yana kuma korar arzikin garinku zuwa wani gari. A ba da aiki da wuri, a rubuta yarjejeniya, kada a biya duka sai an ga kaya. Tabarma da faifai da tukwane kuwa, ranar Juma'a a kasuwar Wudil ko a kasuwannin ƙauyukanmu za a samu, kuɗin kuma ya faɗa hannun wata tsohuwa da take ciyar da marayu.

Na san abin da ƙannena mata suke faɗa a ransu tun ɗazu, don wata ta taɓa faɗa mini a ido. Ta ce, "Baba Fasto, ku maza ba ku san gori ba. Ni za a shiga ɗakina a ƙirga, ni dangin miji za su yi wa habaici a bakin rijiya har in tsufa." Na yi shiru, don gaskiyarta ce. Ba yarinya ce ta ƙirƙiro gasar nan ba, tarar da ita ta yi. Kuma kayan ɗaki mallakarta ne, su ne ɗan abin da za ta nuna ta ce nawa ne a gidan da komai na miji ne. Ba na goyon bayan a kai 'yar mutane ɗaki da tabarma ɗaya a ce ai ruhaniya ce, alhali uban yana da shanu. Wannan rowa ce aka sa mata rigar ibada. Wanda Allah ya hore wa, ya yi wa 'yarsa daidai ƙarfinsa, wani kason ma ya ba ta a akuya ko keken ɗinki ko ɗan fili, abin da zai haihu.

Saboda haka maganar ta koma kan masu shiga ganin ɗaki. Iyayena na zumuntar mata, ku gafarce ni, amma ku ne kuke ɗaga murfin kula kuna duba suna, ku ne kuke latsa katifa kuna kallon juna. Yakubu ya tsawata wa ikkilisiyar da take ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta ce wa matalauci ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Me ya raba wannan da girmama amaryar da aka kawo da mota biyu, a rena wadda aka kawo da amalanke? Sarki Hezekiya ya zagaya da baƙi daga Babila ya nuna musu duk abin da ke taskarsa, bai rage komai ba, annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da suka gani a gidansa, ƙarshen labarin kuwa ba mai daɗi ba ne, yana nan a 2 Sarakuna 20. Yau ba ma jiran baƙi su zo, da waya muke zagaya ɗakin mu watsa wa duniya, har wanda bai kamata ya san abin da ke ciki ba ya sani.

Ku kuma samari, kada ku laɓe a bayan cewa ai kayan ɗaki aikin iyayen mace ne. Kai ne za ka iya kashe wutar nan da magana ɗaya. Ka je wurin surukinka da ladabi, ka durƙusa, ka ce, "Baba, don Allah kada ku taɓa gona saboda mu, abin da ya sawwaƙa ya ishe mu." Sannan ka koma gida ka gaya wa mahaifiyarka da 'yan'uwanka mata cewa kai ka roƙi haka, duk mai magana ta yi da kai. In ba ka iya tare wa matarka gori tun kafin ta shigo ba, ban san me za ka iya tare mata ba bayan ta shigo. Ni dai a nawa ɓangaren, na ƙara tambaya ɗaya a cikin shawarar da nake yi da masu shirin aure. Bayan mun gama zancen bangaskiya da gwajin jini, nakan tambaya nawa ne bashin da ke kan bikin nan, kuma a wuyan wa yake. Sau da yawa a nan ne su biyun suke fara jin adadin, wani lokaci ma sai an koma gida an tambayo.

Makon jiya na sake bi ta gidan ma'auratan nan, sun sami ɗiya mace. Teburin gilashin ba ya nan, an ce ya fashe tun da azumin Ista. An fitar da kujera biyu an kai ɗakin ƙanen mijin, wuri ya samu. Na tarar da Iya a ciki, zaune a kan tabarma sabuwa mai ja da kore, ta miƙe ƙafa, jaririyar tana barci a cinyarta, ga ƙwaryar kunu an rufe da faifai a gefe. Ta ce, "Fasto, shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar baƙo." Na tambayi uban yarinyar labarin gona da muka haɗu a hanya. Ya ce riɗin bana ya rage masa fiye da rabi, in Allah ya kai mu kaka mai zuwa yana sa ran karɓo ta.